Kujerar Inna a Ƙofar Fada

Jiya na ji maƙwabciyata tana ɓare gyaɗa, sai Inna ta faɗo mini a rai, tsohuwar da ke sharar ƙaramin cocinmu na Katolika can wajen Gusau, lokacin mulkin soja na ƙarshe.

Duk ranar da Fada, limamin cocin, ya kira ɗayanmu, mu 'yan matan mawaƙa, zuwa ɗakinsa, sai ta ɗauki 'yar kujerarta da tiren gyaɗa ta zauna a bakin ƙofa. "Fada, a bar ƙofar a buɗe, zafi ake yi," in ji ta, ko da ruwa ake tsugawa. Mun ɗauka rigimar tsufa ce, sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, Fada ya kira ƙawata ɗakin nan, ya rufe ƙofa.

Da Inna ta warke, ta riƙe hannun yarinyar har gaban dattawan coci. Ba a jima ba katekis, malamin cocin, ya sanar bayan sujadar Lahadi cewa an yi wa Fada canjin wurin aiki. Inna ta miƙe.

"Malam, can ɗin babu ɗiyan mutane?"

Tun daga ranar ban sake yarda da kalmar canji ba. Allah ya ji ƙanki, Inna. Duk inda aka kai Fada, Allah ya sa akwai wata tsohuwa da kujerarta.