Izinin da Malam Abdulkahar Ya Tafi da Shi

Da hantsin ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, ina tsaye a rumfata ina kwance kwandon bandar kifi da aka aiko mini daga Haɗeja, Hindatu ta kira ni a waya ta ce Baba ya cika. Mu dai na Allah ne, kuma gare Shi kowa ya dosa. Mahaifinta, Malam Abdulkahar Ɗanmusa, malamin gona mai ritaya da ke zaune a Yalwawa nan Dutse, ya rasu yana da shekara sittin da uku, bayan jinyar kwana shida. Bayan azahar aka kai shi makwanci. Ina cikin waɗanda suka kama makara, ni Umara, ɗalibinsa na shekara goma sha tara.

Malam, na so in rubuta maka irin ta'aziyyar da aka saba, wadda ba komai a cikinta sai yabo da addu'a. Sau uku ina farawa ina yagewa. Gaskiyar magana ina jin haushinka, kuma ban iya ɓoye maka abu ba kana raye, ballantana yanzu. Ka sa mun rantse da Allah cewa ba wanda zai koya wa wani ko kamu ɗaya cikin abin da ka koya mana sai da izininka. Ka tafi ba ka ba kowa izinin ba. Mutum ashirin da shida ka bari da fili, da katifu, da rantsuwa a wuya.

Wanda bai san ka ba zai ɗauka koyar da dabarun faɗa sana'arka ce. Ba ka taɓa cin kwabo da ita ba. Sha'awa ce kawai ta kama ka tun kana bautar ƙasa a Kudu, inda ka fara kareti a hannun wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Ka dawo ka yi shekara huɗu kana zuwa Kano duk Asabar wurin wani tsohon ɗan sanda don judo. Takwando kuwa sai da ka haura arba'in ka fara shi, cikin samarin da ka haife su, suna yi maka dariya in ƙafarka ta ƙi tashi. Ɗan gidan malamai ne kai, shi ya sa ka ɗauki kowane salo kamar littafi. A wurinka ba a tsallake babi, ba a haɗa biyu a lokaci ɗaya, kuma ba a ɗaukar karatu sai daga bakin mai shi. Yaran yanzu da suke koyon harbi da ƙafa a waya, cewa kake suna karatu ba malami, Allah Ya kiyaye haƙoransu.

Aikin gona ya kai ka Garki, sai ka raɓi 'yan kokawar kaka, kana duba musu gero da safe, su kuma suna kayar da kai da yamma. Ka taɓa ba mu labarin wani manomi da bai kai kafaɗarka ba, ya yi maka taɗiya ɗaya ka ga sama, da baƙin bel ɗinka na ƙwarewa da komai. Kana faɗa kana dariya har da hawaye. A Ringim kuma ka je ka durƙusa gaban Mailafiya mahauci, tsohon ɗan dambe, ka ce ya koya maka ɗaurin kara. Ya dube ka da farar rigarka da biro a aljihu, ya ce ka fara riƙe masa ƙafar bijimi tukuna. Ka riƙe. Wata biyu kana zuwa kana taya shi fawa kafin ya yarda ya naɗe maka hannu. Da labari ya iso gida, yayanka Alaramma Izzuddeen ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarka da fiye da kalma biyu. Cewa ya yi ɗan gidansu ya bar allo ya koma wasan mahauta.

Ni na zo wurinka ne a 2006 da zafin kai. Wani ɗan dako ya kwaɗa mini mari a kasuwa gaban jama'a, na kasa ramawa, aka ce mini akwai wani a Yalwawa mai koya duka. Ka saurare ni har na gama, sannan ka nuna mini katifun nan naka, buhunan buntun shinkafa da ka ɗinke ka rufe da tamfol, ka ce in faɗi. Na faɗi. Ka ce in sake. Wata shida cur ba abin da na yi sai faɗuwa: ta baya, ta gefe, ta gaba, haɓa a ƙirji, tafin hannu ya riga gwiwar hannu sauka. Sau nawa na yi niyyar in daina zuwa, Allah kaɗai Ya sani. Ranar da ka fara nuna mini yadda ake dunƙule hannu, na ma manta kamannin ɗan dakon. Daga baya na gane abin da kake jira ke nan.

Ba ka yarda a kira ka Masta ba. Ba ka kori kowa don ba shi da kayan sawa ba, da wandon gona ma an yi atisaye a filinka. Wanda ya gurɗe, kai za ka zauna ka murza masa da man shanu da hannunka, kana yi masa tsiya cewa ya fi ƙwai lalaci. Lokacin da mahaifina ya rasu, kai ka goya ni a babur tun daga Dutse har Haɗeja cikin ruwan sama, ka kwana uku a zauren gidanmu kana karɓar gaisuwa kamar ɗa. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba.

Rantsuwar nan ma na san ba don son girma ka ɗora mana ita ba. Ina nan abin ya faru. Fa'izu, wanda ya fi mu duka saurin ɗauka, ya je gida Garki hutun salla ya ce zai nuna wa abokinsa Albarka jifa ta kafaɗa. Bai koya masa faɗuwa ba, kuma a kan daɓe suka yi. Albarka ya sauka da ƙugu, tun daga ranar bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba. Ba kai ka jefa shi ba, ba ka ma san shi ba, amma ka ɗauki laifin ka aza wa kanka. Shekara goma sha huɗu kusan duk Juma'a kana hanyar Garki. Kai ka haɗa masa keken hannu, kai ka koya masa renon dashen mangwaro da gwaiba har ya zama da shi yake ci da iyali. Satin da abin ya faru ka tara mu, ka sa kowa ya faɗa da bakinsa: wallahi ba zan koya wa kowa ba sai da izininka. Muka faɗa. Duk wanda ya shigo bayan nan ma sai ya faɗa kafin ya taka katifa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, wannan na yarda. Amma Malam, shekara goma sha huɗu ba mutum ɗaya da ya isa? A 2016 na fara tambayarka, lokacin da wasu matasa a unguwarmu suka dame ni. Ka ce ƙafata ta hagu tana tona mini asiri kafin in kai hari, in je in gyara. Na yi shekara biyu ina gyaran ƙafa kamar mai ɗori. Da na sake tuntuɓarka, muna naɗe tamfol, ko ɗagowa ba ka yi ba ka ce, "Umara, ni kaina ban sauke ba. Ɗalibi ne zai ba ɗalibi izini?" Na ce to yaushe za ka sauke? Ka yi murmushi ka ce in kama wancan gefen da kyau. Ranar na koma gida ko abinci ban iya ci ba don takaici. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ka san ni nake riƙe da sababbi in ka juya baya, ni nake gyara musu tsayuwa da ido da gyaran murya, tunda baki an ɗaure shi. Ka gani, ka kau da kai. Ba ka hana ba, ba ka kuma ce na isa ba.

Karo na uku laifina ne, kuma shi ne ba ya barina in sake. Kwana huɗu kana asibiti da hankalinka da bakinka, ɓarin jiki ɗaya ne kawai ya ƙi motsi. Kullum ina zuwa da niyyar in yi maganar, kullum in na zauna a bakin gadon sai kunya ta rufe ni. Yaya zan dubi babba yana kwance in ce ya ba ni izini? Ai kamar na ce masa ba zai tashi ba ne. Kai ma na san lissafin da ka yi ke nan ta wajenka: in ka tayar da zancen, ka yi wa iyalinka sallama ke nan a gabansu. Sai muka yi ta hirar tsadar taki da zafin gari. Ranar Litinin da zan tafi ka kama hannuna da hannunka mai lafiya, ka matse, na ce a raina yau ce. Sai ka ce, "Kana sakin babban yatsa. Na faɗa maka ya fi sau ɗari." Maganar ƙarshe da ka yi mini ke nan a duniya. Washegari bakinka ya rufe. An ce ranar wanka ba a ɓoye cibi, mu biyu muka ɓoye, ga inda ta kai mu.

Asabar ɗin da ta biyo bayan addu'ar bakwai, ba wanda ya kira wani, amma bayan sallar asuba kowa ya zo fili. Muka yi cirko-cirko a gindin dalbejiya. Katifu na jingine a bango, ba wanda ya taɓa su. Duk suka zuba mini ido saboda ni ne daɗaɗɗe, ni kuma na zuba wa ƙasa ido. Muka yi maka addu'a muka watse. Asabar ta biyu mutum goma sha bakwai suka zo. Ta uku tara. Na ji labarin biyu daga cikin matasan sun fara gwada shaƙa a junansu a bayan makaranta, suna kallon waya, wato ainihin abin da ka kashe rayuwarka kana gudu. Na aika Hindatu ta tambayar mini mahaifiyarta, Hajiya Juwairiyya, da yake tana takaba, ko ka bar wata magana, ko a takarda, ko a baki, ko da a cikin hira ce. Ta dawo ta ce wallahi babu. Na sa ta duba cikin littattafanka na aikin gona. Babu.

Da abin ya ishe ni, na cire takalmi na shiga zauren Alaramma Izzuddeen, mutumin da bai taɓa taka filinka ba. Na yi zaton zai ce dama ta samu a rufe wasan banza. Na faɗa masa komai. Sai ya ce shari'a ba ta bar ni a rana ba: wanda ya rantse a kan abu, ya ga waninsa ya fi alheri, ya yi wanda ya fi alherin ya yi kaffara. In ciyar da miskinai goma in buɗe filin, sauran ma duk wanda zai koyar ya yi haka. Na ce, Allah gafarta Malam, izinin fa? Ya ce, "Rantsuwa zan iya warware maka, Umara. Izini kuwa mai ilimin ne yake bayarwa, ni ban san komai a cikinsa ba. Ƙanena ya tafi da abinsa." Sai na ga ya sa gefen rawani yana share ido. Ya tambaye ni ko gaskiya ne ka iya abin sosai. Na ce ban ga kamarka ba. Ya ce bai taɓa kallo ba ko sau ɗaya.

Jiya na dafa shinkafa da kifi na ciyar da mutum goma. Asabar mai zuwa zan shimfiɗa katifun. Zan karya rantsuwar da na yi maka, ina sane, ba don na raina ka ba, sai don kada a sami Albarka na biyu a bayan makaranta. Fatawa ta halatta mini tsayawa a gabansu, amma ba ta faɗa mini ko na cancanta ba. Wannan bakinka kaɗai nake so in ji ta, shekara goma sha tara ina jira. Ko ka ga na isa kunya ta hana ka faɗa, ko har ka koma ga Allah ba ka ga na isa ba, yanzu ba wanda zan tambaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Juwairiyya, da Hindatu da ƙannenta, da Alaramma Izzuddeen da dukkan zuriyar gidan Ɗanmusa, da Albarka wanda ya sa aka ɗauko shi tun daga Garki don ya sallace ka, da 'yan uwana ɗalibai. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ya Allah Ka jiƙan Malam Abdulkahar, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya yi ya zama kaffara, Ka sa tafiye-tafiyensa na Juma'a su tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka albarkaci bayansa, Ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna Firdausi. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Malam, ka yafe mini abin da zan yi ranar Asabar. Ni ma ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafe maka shirun nan, don har yau ban gama ba.