Filin da Malam Ya Hana a Noma

Ranar Asabar ce da hantsi, wata guda bayan rasuwar malaminmu na wasanni. Muna zaune a ɗakin malamai na tsohuwar sakandarenmu: shugaban makaranta, shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wani ɗan kwangila da ya taɓa tsare mana raga, sai mu sauran 'yan kwamiti. Matar marigayin, wadda duk muke kira Mama, tana gefe a kan benci. Abin da ya tara mu shi ne yadda za a karrama Malam. Kafin a buɗe taro, iska ta shigo ta taga da warin toka daga madafar ɗalibai, sai hankalina ya bar ɗakin.

Da toka na fara sanin Malam, tun ban shiga sakandare ba, don gidanmu na jikin katangar makarantar. Ba a ba shi fentin da zai shata filin ƙwallo, saboda haka duk yammacin Alhamis yakan bi unguwa a kan kekensa yana buga ƙararrawa, mu kuma mu fito da kwanukan toka. Kakata ba ta son wannan ƙararrawa. Tokar kara takan ɓoye ta don miya da ajiyar wake, ta miƙo ta itace tana mita, wai ita ba ta taɓa ganin namiji mai albashi yana roƙon toka ba. Shi kuwa sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya karɓa. Ta gidan liman da ta gidan fasto duk a bokiti ɗaya suke haɗuwa. Ya tankaɗe da rariya, ya ja igiya, ya bi ta da gwangwani mai huda a gindi. Idan ruwa ya wanke da dare, da safe ya sake.

Ciyawar ma shi ya dasa. Malam ba ya dukan wanda ya makara. Fartanya zai ba ka, ka je fadama ka saro kiri-kiri da ƙasarta, ka dasa inda ya nuna, kuma shayar da ita ya zama naka har ta kama. Ni akwai tawa a kusurwar gabas.

Sai dai wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane girman abin da Malam ya yi ba. Tsakanin Funtua da Malumfashi, ƙasa mai kyau da aka bari ba shuka abin kunya ce. Mahaifina, manomin auduga da masara, bai taɓa wucewa ta filin nan da damina bai yi tsaki ba. Malamai sun sha neman a yanka musu gefe su sa kuɓewa. Wani shugaban makaranta ma ya sa an yi huɗa a rabin filin lokacin dogon hutu, da Malam ya tafi ƙauyensu. Ya dawo, ya ɗauki fartanya ya baje kunyoyin shi kaɗai. An ce abin da ya tsayar masa da ƙarin girma ke nan har ya yi ritaya. Na taɓa jin mahaifina ya tare shi a kan maganar. Amsar ba ta da tsawo:

"Alhaji, gona kowa yana da ita. Yaro kuwa yana bukatar inda zai faɗi bai ji ciwo ba."

Muryar shugaban ƙungiya ce ta dawo da ni. Ya ce an riga an yi shawara: za a gina babban ɗakin taro da sunan Malam. Ɗan kwangila ya shimfiɗa zane a kan tebur. Na duba, na sake dubawa. Ginin yana tsakiyar filin.

Na tambaya ko babu wani wuri. Shugaban makaranta ya ce bayan azuzuwa kwari ne, gaba kuma hanya. Na ce to a kewaye filin da waya, a sa sababbin raga, a kira shi da sunan Malam. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Shugaban ƙungiya ya ce manyan baƙi ba sa zuwa buɗe ciyawa, kuma yaran yanzu a gidan kallo suke ƙwallonsu.

"Kai da ka ci albarkacin ragar nan," na ce da ɗan kwangila, "kai za ka haƙa ta?"

"Ranka ya daɗe, ƙwallayen da suka wuce ni a ragar nan, gara a binne ta," in ji shi. Aka sake dariya.

Aikina karanta labarai ne a rediyo, na saba faɗin abu mai nauyi ba tare da muryata ta yi rawa ba. Haka na jera musu dalilai ɗaya bayan ɗaya. Suka saurara da ladabi, irin sauraron da ake yi wa hasashen yanayi. Daga nan aka juya ga Mama, aka ce ta sa albarka. Ta daɗe tana kallon zanen, ko da yake ban sani ba ko ta gane shi.

"'Ya'yana, na gode," ta ce. "Amma shi bai taɓa son zama a ɗaki ba."

Shugaban ƙungiya ya ce Allah sarki, Mama ta tuna da mijinta. Aka ɗaga hannu. Ni da wata tsohuwar ɗaliba, wadda Malam ya koya wa gudu, mu kaɗai muka ƙi.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne babu mugu a ɗakin nan. Kowa yana son Malam. Kowa ya dasa ciyawa a filin. Mutumin da ya yi shekaru yana kare wurin daga masu son amfanin kansu, masoyansa ne suka karɓe filin, kuma da sunansa.

An haƙa tushe kafin ruwan farko. Gini ya kai taga ya tsaya, bai motsa ba tun daga nan. Abin da ya rage na filin bai isa wasa ba, don haka malamai suka raba shi. Bana masarar ta yi kyau, musamman a kusurwar gabas. Allon da ke ɗauke da sunan Malam yana nan a tsakiyarta, ɗalibai kuma suna buga ƙwallo a bakin titi, inda manyan motocin hatsi ke juyawa.