Famfon Ƙofar Gidan Alhaji

Lokacin da kuɗin tallafin gwamnati ya shigo asusuna, ba na cikin buƙata. Albashina yana isata, shagon ɗinkina a Arawa ma yana kawowa. Mutumin da ya fara faɗo mini a rai shi ne Alhajin layinmu na Kumbiya-Kumbiya, mai sayar da ruwan burtsatse. Ina budurwa ya taɓa kifar da jarkar Innata a gaban mutane, wai ba ta sallame shi ba. Ranar ta dawo gida zaninta sharkaf.

Na kai kuɗin gaba ɗaya ga ƙungiyar taimakon unguwa. Na ce wa shugabansu, "Baba, a gyara mataccen famfon nan da ke kallon ƙofar Alhaji, kowa ya ɗiba kyauta."

Ya dube ni ya ce, "'Yata, don Allah kika yi?"

Na ce, "Rabi dai."

Da ruwa ya zo, layin masu sayen ruwan Alhaji ya watse. Yanzu duk ranar da na je gida, sai na tsaya na gaishe shi har ƙasa, na tambaye shi ya kasuwa.