Fadamar Baba a Akwatin Gilashi

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, na ɗauko shi daga ƙauyenmu na bayan Kebbe na kawo shi gidana a Tambuwal. Likita ya ce lalle ya zauna kusa da asibiti, ana duba hawan jininsa, ana motsa masa hannu da ƙafa. In ya koma ƙauye ciwon ya sake tasar masa, kafin babur ya fito da shi ta waccan hanyar mai ramuka, sai dai wani labarin. Baba ya ji, ya kau da kai. Mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin garken shanu da fadama, ga shi a ɗakin siminti mai taga ɗaya, ita ma katangar maƙwabci take kallo. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Maganarsa kullum guda ce: "Ka mai da ni gida."

Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, zaman ofis ya fi aikin yawa, waya kuma tana hannu. A nan na ci karo da bidiyon masu shuka ciyawa a cikin akwatin gilashi, su cika shi da ruwa, su saki ƙananan kifaye. Na ce a raina, tunda ba zan kai Baba fadama ba, bari in kawo masa ita ɗaki. Matata ta ce na rasa abin yi. Ni kuwa in na sa abu a gaba ba na jin kira.

Mai haɗa tagogi a bakin kasuwa ya yanka mini gilashi ya liƙe da gam, yana ta tambaya ko akwatin sayar da tsire zan yi. Ran Asabar na hau babur har fadamarmu. Na ɗebo yashi a buhu, na tsinto duwatsu masu santsi da wata busasshiyar saiwa, na tumɓuko ciyayin cikin ruwa da 'yar kainuwa na zuba a bokiti. Yashin ya ba ni wuya. Na wanke, na sake wankewa, ruwan na fita ja, har bayana ya ƙage. Na shimfiɗa shi a akwatin, baya tudu gaba kwari, na jingina saiwar a gefe, na tokare ta da duwatsu. Ciyayin kuma na dinga cusa su ɗaya bayan ɗaya da tsinke, dogaye a baya, gajeru a gaba. Ina zuba ruwa rabinsu suka taso sama.

Sai na ji murya daga kan katifa. "Wa ka dashe haka? Danne gindin da yatsa!"

Ranar ce karon farko da ya faɗi wata magana ba ta komawa gida ba. Na danne da yatsa, suka zauna.

Na bar ruwan ya kwanta ya yi garau kafin in sayo kifaye a Sakkwato, 'yan mitsi-mitsi masu jan wutsiya, na riƙo su a leda a kan cinyata har gida. Baba ya dube su ya taɓe baki. "Mi kaka yi da kifin da ba a ci? Ko miya ɗaya ba su yi." Amma ya sa aka jawo katifarsa kusa da taga, inda akwatin yake. Shi ya karɓi aikin ba su abinci da hannunsa mai lafiya. Akwai wani mai zalama da ya sa wa sunan tsohon bijiminsa, yana yi masa faɗa in ya kori 'yan uwansa. Matata ta fara fito da kwanon tuwo wayam. Na yi murna ƙwarai, har na fara cika baki a ofis.

Da zafin bazara ya tsananta, ciyayin suka fara yin rawaya. Baba ya damu fiye da ni. "Hakin ga yunwa shika ji," in ji shi. "Yashi zalla ba shi riƙon shuka. Taki shika so." Na ce masa akwai wani ruwan magani da ake ɗigawa, zan sa direba ya taho da shi daga Sakkwato. Direban ya yi ta mantawa.

Wata rana ina ofis, matata ta shiga maƙwabta barka. Baba ya dogara sandarsa, ya ja ƙafa har turken awaki, tafiyar da bai taɓa yarda ya yi wa likita ba. Ya cika aljihu da busasshen kashin awaki, ya dawo, ya murmushe shi, ya tura hannu cikin ruwa ya binne a gindin kowace shuka, yadda ya saba yi wa albasa da tattasai. Da na dawo na tarar ruwan ya yi duhu, ɗakin na wari, shi kuma fuskarsa fes, yana jira in yaba. Na kwashe rabin ruwan na zuba sabo. Bai hana komai ba. Da safe kifayen duk suna sama, ciki a waje.

Na ce masa zafi ne ya kashe su.

"Kak ka yi min ƙarya," ya ce. "Ni nik kashe su. Ban san kan komi ba nan garin."

Na ce zan sayo wasu, ya ce in bari. Ya sa aka mai da katifar inda take da, ya juya wa taga baya. Kwanon tuwo ya koma fitowa a cike. Bai ƙara cewa in mai da shi gida ba, kuma shirun ya fi maganar tayar mini da hankali. Na ji haushin direban, na ji haushin awakin, na rasa wanda zan huce a kansa. Da ruwan farko ya sauka na ɗauki shatar mota na mai da shi ƙauye, ina sane da abin da likita ya faɗa.

Akwatin na bar shi a wurin, na kasa zubarwa. Ruwan ya kwanta da kansa. Sai ga ciyayin sun murje sun yi kore shar, suna tsiro ta ko'ina, kainuwa ta rufe sama.

Zuwana na ƙarshe na same shi a inuwa bakin garke, ya rame amma yana shan fura. Ya tambaye ni, "Hakin ya tashi?" Na ce ya tashi, har ya cika akwatin. Ya gyaɗa kai. "To, shi ya kama ƙasa. Ka bar shi can."

Ba a kai ga yankan gero ba ciwon ya dawo masa. A hanya ya cika, kafin a iso kwalta.

Ban sake sa kifi ba. Duk Juma'a nakan naɗe hannun riga in rage ciyayin, don in na bar su toshe akwatin suke yi. Abin da na ciro sai in kai wa awaki.