Ba a Gadon Mai Rai

Ni Nahla, shekara goma sha tara muna koyarwa a firamare ɗaya da Adda Keturah, don haka kada wani ya zo ya ce mini wai gaggawa ce ta jefa ta cikin wannan hali. Wace gaggawa? Matar da ko tumatir sai ta zagaya kasuwa sau biyu kafin ta saya!

'Yar Numan ce. Mijinta Hosea ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da gona a ƙauye. Burinta ɗaya tak: gidan haya, don ranar da ƙarfi ya ƙare kada ta miƙa wa kowa hannu. Kullum sai ta ce, "Nahla, fansho a ƙasar nan jiran gawon shanu ne."

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, Jimeta ta cika da masu gudun hijira, ɗaki ya zama gwal. A lokacin wani Ɗanburam ya sa gida mai ɗaki shida a kasuwa, can unguwar Jambutu, miliyan huɗu. Gidan na yayansa ne, Abdulhakeem, mai shagon atamfa a Mubi, wanda ba a sake ganinsa ba tun ranar gudu. An ce an ga gawarsa a hanya. An yi sadakar uku, an yi ta arba'in, aka raba gado, gida ya faɗa wa ƙanin.

Ɗanburam ya ce a kawo miliyan ɗaya da rabi kafin alƙalami, sauran a biya sannu a hankali. Adda ta kwashe adashinta, ta ci bashi a ƙungiyar malamai, da bai isa ba ta sayar da gonar Hosea. Dangin miji har yau ba sa gaisawa da ita. Ni na sa hannu a matsayin shaida, gaban mai unguwa, kuma wallahi abin yana cina.

Shekara shida tana biya. Kuɗin haya yana shigowa ta ƙofa, yana fita ta taga zuwa aljihun Ɗanburam. Albashi kuma ana yanka tun kafin ta gan shi. Zani biyu take juyawa. Ta canza kwano, ta haƙa rijiya, ta ɗaga katanga saboda ambaliya. Ranar da ta biya na ƙarshe ta sayo mana tsire, muka ci a ofis tana dariya har da hawaye.

Wata tara bayan nan, da hantsi, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidan, siriri kamar kara, yana dogara sanda. Maƙwabta suka watse da salati. Abdulhakeem ne. Ashe 'yan bindigar ne suka tafi da shi daji, ya kuɓuta ya faɗa Kamaru, ya daɗe kwance ba ya ko tuna sunansa. Matarsa ta yi wani aure, shago ya ƙone. Gidan nan kaɗai ya rage masa a duniya.

Aka je kotu. Alƙali bai ja magana ba: ba a gadon mai rai, kuma wanda bai mallaka ba ba ya sayarwa. Adda ta nemi kuɗinta wurin Ɗanburam. Ina! Shi ma ya zuba su a fataucin shanu, ɓarayi sun kora. Ko an matse shi ba ya fid da dubu ɗari.

Abin da ya fi ƙona mini rai, babu wanda zan zaga.

Yanzu Adda ta yi ritaya, fanshon bai fito ba. Tana zaune a ɗakin ƙarshe na gidan, kusa da bayi. Abdulhakeem ya rantse ba zai karɓi ko kwabo a hannunta ba. Ita kuma duk ƙarshen wata sai ta naɗe kuɗin haya a takarda ta tura ta ƙarƙashin ƙofarsa, don ta ce ba ta kai ga zaman sadaka ba tukuna.

Makon jiya na je gaishe ta, na same su ita da Abdulhakeem a tsakar gida, kowa da kujerarsa. Can sai ya ce, kansa a ƙasa, "Mama, wallahi da na san haka zan tarar, da ban dawo ba."

Na jira ta ce masa haba, kada ya faɗi haka. Matar da ba ta fashin coci, mai cewa rai ya fi dukiya. Amma sai ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.