Motar Yaya Bube da Na Ba Faransa

Shekara goma sha takwas ke nan cif da muka kai yayana Bube makwancinsa a Illela. Duk shekara in watan ya kewayo nakan yi masa sadaka, in koma gida in ja bakina in yi shiru. Bana ba zan yi shirun ba. Na haura tamanin, idona ɗaya ya riga ya yi ritaya, kuma akwai haƙƙin Bube a wuyana tun zamanin da aka sauke tutar Turawa. Shi ya ƙera mota da hannunsa, ni kuma na ɗauke ta da bakina na ba wasu. Abin da nake so kafin in bi shi, sunansa ya koma jikin motarsa.

Bube maƙerin akwati ne. Yakan sayi tsohon duro da garwar kananzir, ya fasa, ya daddake su su miƙe, ya fitar da akwatin ƙarfe irin wanda ake kai amarya da shi. Yana yin bokiti da mazurari, amma akwati ne ya yi masa suna. Karatunsa na allo ne. Ni ne ƙaramin da aka kama aka kai makarantar boko, na fito da ɗan Turancin da bai cika cokali ba, aka ɗauke ni ƙaramin malami a ofis, nake yi wa baƙi tafinta. Ina da farin wando da alƙalami a aljihu, kuma Allah ya sani ina ji da kaina.

Sai na yi wa matasa bayanin abu biyu, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Na farko, a lokacin mu nan muna tuƙi a hannun hagu, mutanen Ƙonni da ke ƙetaren iyaka kuma a hannun dama. Direba in ya ƙetare iyaka sai ya sauya hannu, sitiyarinsa ya koma ta gefen da bai dace ba. Na biyu, mu mutanen bakin iyaka ba mu saba cewa Nijar ba. Can Faranshi ne, nan Ingilishi. Mace za ta tafi suna Ƙonni da hantsi a ce ta tafi Faranshi, la'asar ta dawo a kan jakinta. Ba wanda ya taɓa kawo wata ƙasa ta bayan teku a ransa.

Maganar hannun tuƙin nan ta daɗe tana ba Bube dariya. Gwaggonmu tana Ƙonni, harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, amma wai mota sai ta sake hali in za ta gaishe ta. Da aka fara maganar samun 'yancin kai, sai ya ji labarin wata 'yar mota da ta kife can, jikinta ya ragargaje aka yar. Ya je ya jawo ƙashinta da injinta da shanu biyu. Kusan wata tara yana kanta a bayan rumfarsa, matarsa Kulu tana mitar an bar akwatunan mutane ana bautar gawa.

Abin da ya fito ba a taɓa ganin irinsa ba, kuma ban sake gani ba. Doguwa ce mai siririn baki, ba ta da ƙofa ko ɗaya. Rufinta ake ɗagawa gaba ɗaya kamar murfin akwati, mutum ya taka ya shiga. Sitiyarin kuwa a tsakiya ya dasa shi, ya haɗa shi da sarƙar keke, don ko ta wane hannu aka bi direba yana daidai. Ya shafa mata kore da fari. Gudu kam ba ta da shi, mai keke in ya dage zai wuce ta, kuma shi ma ya ce ba don lodi ya yi ta ba, don a gani ne a yi tunani. Ranar bikin 'yanci ya tuƙa ta daga kasuwa har bakin iyaka, ya sauya hannu, ya shiga Ƙonni ya gaida Gwaggo, ya dawo. Har daga ƙauyukan Amarawa da Araba aka zo kallo.

Bayan damina ta gaba wani Bature, cikin waɗanda suka rage suna aiki da sabuwar gwamnati, ya zo rangadi yana neman abin da za a kai nunin amfanin gona da sana'o'i a Sakkwato. Aka kai shi rumfar Bube, ni ne tafinta. Ya zagaya motar sau uku, ya tambaya daga ina ta fito.

Bube ya ce, "Ce mai ƙashin da injin daga Faranshi munka jawo su. Sauran duk aikin hannuna na."

Na buɗe baki na ce da Turanci daga Faransa take. Ban kai ga rabi na biyu ba Baturen ya tafa hannu, ya zaro littafi yana rubutu, yana zuba magana da sauri ta hanci. Cikin kalma goma ina kama uku. Na gane dai yana cewa ya san Faransawa da irin wannan wauta mai kyau, suna ƙera mota guda tak don nuni. A nan ya kamata in tsayar da shi. To amma tsayar da shi yana nufin in ce na yi kuskure a gaban hakimi da shugabana na ofis, ni da ban cika shekara a aiki ba. Na gyaɗa kai. Bube ya tambaye ni me ya ce, na ce ya yaba.

A Sakkwato aka manna mata kati da Turanci cewa motar nuni ce daga ƙasar Faransa, aka ajiye ta cikin kayan da aka shigo da su daga waje, kusa da injin ban ruwa. Masu sana'ar hannu suna can wani ɓangare, kuma cikinsu ne aka zaɓi waɗanda aka tura birni koyon kanikanci. Bube ya daɗe yana mafarkin irin wannan dama. Kwana uku ya yi tsaye gefen motarsa cikin sabuwar riga, masu kallo suna ɗauka mai gadi ne. Da aka tashi aka ce a bar ta tukuna manya su gani. Ya hawo babbar mota ya dawo gida. Daga nan injin ya mutu a inda aka ajiye ta, Baturen ya tafi, sojoji suka karɓi mulki, yaƙi ya biyo baya, ba wanda ya sake bi ta kan motar wani maƙeri.

Bai sake ƙera mota ba. Ya koma kan akwatinsa har ƙarfinsa ya ƙare. Waɗanda suka gani da idonsu suka yi ta raguwa, har ya zamana in ya ba da labarin a majalisa samari suna ƙifta wa juna ido. Ina zaune a wurin sau da yawa. Nakan ce gaskiya ne an yi, amma ban taɓa faɗin yadda aka yi ta ɓace masa ba. Na ji kunya, kuma na fi jin tsoron ranar da zai dube ni da sanin abin da na yi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Illelar yau. Babura sun cika gari, yaro ɗan shekara goma sha biyar yana kai mutum Ƙonni kafin shayi ya huce. 'Yan canji suna zaune da sefa a gabansu. Mu ma tuni muka koma hannun dama, matsalar da ya kwashe wata tara yana warwarewa gwamnati ta kashe ta da sanarwa ɗaya, kuma na tuna ranar ya yi dariya har da hawaye. Abin da na san zai ɓata masa rai shi ne akwatin yanzu, wanda zik ɗinsa ke mutuwa kafin amarya ta yi wata. Zai juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ajiye.

Watanni huɗu da suka wuce aka yi sallama da ni. Wani magidanci ne mai suna Isiya, mai gyaran jikin mota a Sakkwato. Ya ce ya tsinci wata tsohuwar mota a bayan wani kango, masu sayen tsohon ƙarfe suna shirin sare ta, ya karɓe ta ya fi shekara yana gyara. A cikinta ya samu kati da ya ce daga Faransa take, ta hannun Illela. Ya tura hotonta ta waya ga duk wanda aka ce ya san tsofaffin motocin Faransa, ba wanda ya gane ta. Shi ne ya biyo sawu, aka ce ya nemi tsohon malamin ofis. Ya miƙo mini wayar. Na kai ta kusa da idona mai aiki, na ga siririn bakin nan, na gane ta.

Na zaunar da shi na faɗa masa komai, shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. Bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yana riƙe da motar da yake zaton babu irinta a duniya daga ƙasar Turawa, har wasu daga Legas sun fara nemansa, ga tsoho ya ce masa aikin mai akwati ce.

Ya ce, "Baba, ba ƙaryata ka nika yi ba. Amma kati rubutu na, kai ko magana ta. In na canza, mi zan nuna ma mutane?"

Na tambaye shi abin da ya gani da ya kankare fenti. Ya ce abin ya daɗe yana damunsa. Babu walda ko ɗigo a jikinta. Kowane baki kalmasa shi aka yi sau biyu aka dake, a cikin rufin kuma akwai tambarin kamfanin kananzir a kife. Ya ɗauka wani ne ya yi mata faci daga baya. Na ce ya tashi mu je gidan Bube.

Kulu tana nan da ranta, ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba. Tun tana amarya take kirana Ɗanboko, har yau ba ta daina ba. Na ce ta ba mu aron akwatin aurenta, wanda Bube ya yi mata da kansa. Aka jawo shi daga ƙarƙashin gado. Isiya ya durƙusa ya bi bakin murfin da babban yatsa, ya duba maratayin kwaɗo, ya buɗe hoton makullin rufin motar ya kara su. Ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago sai ya ce shekara ashirin yana bugun ƙarfe, bai iya wannan kalmasar ba, kuma ya gwada a jikin motar ya kasa. Ya tambayi cikakken sunan mai aikin, ya rubuta a tafin hannunsa, ya fita waje kiran mutanen Legas ya gaya musu.

Motar tana garejinsa yanzu, kore da fari, an ce injin ma ya tashi. Ya yi sabon kati da Hausa da Turanci, da sunan Bube da sana'arsa da garinsa. Mutanen Legas sun janye, amma ya ce makanikai suna zuwa daga nesa su shafa bakin ƙarfen. Akwatunan Bube ma suna nan ƙarƙashin gadaje daga nan har Ƙonni, masu su ba su san sunansa ba. Da a ce abin da ya bari ke nan, da na ce ya isa. Sai dai ranar nan, bayan Isiya ya fita, na samu wani abin da ban san ya bar mini ba.

Mun rage ni da Kulu a ɗaki. Na ce mata ina da maganar da na riƙe kusan shekara sittin, na fara ba ta labarin Baturen. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Ɗanboko, wanga shi na asirin naka? Ai ya sani."

Na ce wa ya sani.

"Yayanka mana. Tun can Sakkwato wani malamin makaranta yak karanta mai katin. Yad dawo yac ce min, in an ce a gyara takarda sai an tambayi wa yay yi tafinta, kai ko ba ka daɗe ga aiki ba."

Na ce to bayan na daɗe fa, bayan na yi ritaya, me ya hana shi faɗa mini ko sau ɗaya?

Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Na tambaye shi. Yac ce in ka san ya sani, kunya za ta hana ka shigowa gidan ga. Shi ko yana son ka riƙa zuwa kuna cin tuwo."

Na kuwa yi ta zuwa. Shekara arba'in ina wanke hannu ina sawa a akushi ɗaya da shi, ina murna bai sani ba, shi kuma yana turo mini naman gabansa. Allah ya jiƙanka, Yaya. Na gyara katin, sauran sai mun haɗu.