Sunan Ɗan Fari a Cikin Kaset

A shekarun alif ɗari tara da saba'in ni malamar firamare ce a Gusau, haifaffiyar Bungudu, ban daɗe da aure ba, ga rawar kai ga baki. Na fito daga kwalejin horon malamai ina ganin babu abin da ya rage a duniya ban sani ba. Yau na tsufa, jikoki sun cika mini gida, kuma alhamdu lillahi ba ni da kukan komai. Amma akwai wata katoɓara da na tafka a wancan zamani da nake so masu karatu su ji, ko wata ta tsira daga irinta.

Mu 'yan kaɗan ne muka haɗu muka buɗe cibiyar mata a wasu ɗakuna da wata Hajiya 'yar kasuwa ta ba mu aro a bayan gidanta. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma don riba aka yi ta ba. Kowa da aikinta, sai da la'asar mu haɗu. Akwai keken ɗinki, akwai ajin yaƙi da jahilci, akwai kanta guda ta littattafai. Shugabarmu ungozomar asibiti ce, mace mai sanyin magana. Ita ce ta lura cewa littattafan nan duk labarin maza ne, sarauta da yaƙi, babu wanda ya rubuta yadda iyayenmu mata suka rayu. Sai aka samo rikoda mai cin batir, aka ɗora mini aikin shiga ƙauyuka ranar Asabar in ɗauko muryar tsofaffi: waƙoƙin niƙa da na daɓe, yadda ake kaɗi, yadda ake wankan jego. Na je Wonaka, na je Nahuce, ko'ina sai an cika ni da gyaɗa da fura. Har yau ban yi aikin da ya kai wannan daɗi ba.

A Kucheri ta ƙasar Tsafe na haɗu da wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna. Ta rera mini waƙar niƙa tana durƙushe gaban dutse, murya garau kamar ta yarinya. Da matan gidan suka watse muka rage mu biyu a ɗakinta, na tambaye ta abin da ya fi tsaya mata a rai tun tasowarta. Ta dubi rikodar ta tambaye ni wa zai ji, na ce mu kaɗai ne a cibiya. Sai ta shiga zancen ɗanta na fari. Yaran yanzu ba su san nauyin abin ba, amma a lokacin uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Ta ce tun da aka yaye shi aka miƙa wa kakarsa. Da ƙyanda ta kama shi yana ƙarami, a bayan danga ta riƙa tsayawa tana sauraron tarinsa, kunya ta hana ta shiga. Ta ce yanzu direban babbar mota ne a tashar Gusau, kuma duk ƙugin motar da ta ji daga titi sai ta yi masa addu'a. Daga nan ta kira sunansa a hankali, ta sake kira, ta sake. Ni kaina sai da na share hawaye.

Bayan wasu watanni muka shirya taron mata a wani ajin makaranta a Tsafe, aka zo daga ƙauyuka, har da matan Kucheri. An ce in sa waƙar niƙa kawai. Da waƙar ta ƙare, maimakon in kashe, sai na ƙara murya. Da gangan na yi, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. A rawar kaina gani nake zan nuna wa mata irin zaluncin da al'adar nan take yi wa uwa, kowa ya tafa mini. Kaset ya ci gaba har muryar Inna ta kira sunan. Sai na ga mata suna rufe baki da gefen mayafi, dariya ta ɓarke daga baya, wata 'yar garin su Inna ta ce tsohuwa ta zubar da girmanta a akwatin 'yan boko.

Labari ya riga ni isa Kucheri. Inna ta daina fita suna, ta daina fita biki, ko gaisuwar mutuwa sai ta aika. 'Yan mata suka mayar da abin waƙar tsokana. Shugabarmu ba ta ɗaga mini murya ba, ta dai ce amana aka ba ni na kai kasuwa, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na je ba da haƙuri, Inna ta aiko a ce mini ba ta jin daɗi. Na dawo ina kuka a mota. Matar da ta yi shekarunta da mutuncinta, ni na kulle ta a ɗaki.

Ana nan wata la'asar sai ga wani ƙaton mutum a ƙofar cibiya, gemu da furfura, riga duk baƙin mai. Ya yi sallama ya ce shi ne ɗan Inna. Na ɗauka rikodar ya zo fasawa. Ashe ba haka ba. Ya ce abokan aiki sun ishe shi da tsiya a tasha, amma ba wannan ya kawo shi ba. Ya ce Malama ta taimaka ta sa masa ya ji, don tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Na ce masa na yi sau ɗaya, ba zan ƙara ba sai da izininta. Ya ce to in ɗauko akwatin, gobe yana da lodi ta wajen Tsafe.

Washegari muka isa Kucheri, ya tsaya a zaure, ni na shiga. Na durƙusa a bakin ƙofarta na faɗi laifina, sannan na gaya mata abin da ya kawo mu. Sai ta ce duk ƙasar Tsafe ta ji, ba mai abin ne zai rasa ba, in kai masa, amma a zaure. Ya saurara kansa a sunkuye, da aka zo wurin ƙyanda ya cire hula ya rufe fuska. Da ya shiga gaishe ta, juya masa baya ta yi kamar yadda ta saba, ta amsa sama-sama, shi kuma ya daɗe a tsugune bai tashi ba. Da ya koma zaure, ta dama fura da hannunta ta ba ni in kai wa baƙo. Da na dawo da ƙwaryar ta tambaye ni ko ya ji har ƙarshe, na ce ya ji. Ta ce to ta huta, ba sai ta sake faɗa ba. A makon nan ta yafa mayafinta ta tafi suna. Ba a daɗe ba wasu daga cikin masu dariyar suka riƙa ja na gefe suna tambaya a raɗa ko akwatin yana da sauran wuri.

Mun zauna lafiya da Inna har Allah Ya karɓi abinsa, kuma cibiyarmu ta kafa doka: ba a sa muryar kowa sai an koma an tambaye ta. Ina tuna wannan zamani da farin ciki, amma na san ba dabarata ce ta gyara abin ba, Allah ne Ya rufa mini asiri. Na koyi cewa ba a ƙwato wa mace 'yanci ta hanyar tona cikinta. 'Ya'yana masu aikin taimakon mata, yanzu kowace da waya a hannu tana ɗaukar murya da hoto. Idan wata ta yarda da ke ta buɗe miki zuciyarta, maganar tata ce, ko da kina ganin duniya za ta amfana da ita. Ki koma ki tambaye ta. In ta ce a'a, ki bar mata abinta.